VIVIEN THOMAS, KAFINTAN DA YA BUƊE HANYAR GYARAN ZUCIYAR JARIRAI

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau za mu kawo wa masu karatu labarin wani baƙar fata mutumin ƙasar Amurka mai suna Vivien Theodore Thomas, wanda ya rasu a shekarar 1985. Mutumin nan bai taɓa shiga makarantar koyon aikin likita ba, doka kuma ba ta ba shi iznin ya sa wuƙa a jikin ɗan Adam ba. Amma duk da haka, ko'ina a duniyar nan aka kwantar da jariri don a gyara masa zuciya, ko a Landan, ko a Indiya, ko a nan gida Nijeriya, to, ana bin hanyar da shi ne ya fara share ta. Sana'ar da ya gada wajen ubansa kafinta ce, kuma galibin aikin da ya yi suna da shi a garin baƙunci ya yi shi, nesa da inda ya tashi.

ASALINSA DA TASHINSA

An haifi Vivien Thomas ran 29 ga watan Agusta, 1910, a Jihar Luwiziyana ta kudancin Amurka. Kakansa cikin bauta ya tashi. Ubansa William Thomas kafinta ne, yana kuma karɓar kwangilar gine-gine. Tun Vivien yana ƙaramin yaro iyayensa suka yi ƙaura zuwa birnin Nashbil a Jihar Tenesi, a can ya girma, ya yi makaranta. A zamanin nan kuwa dokar kudancin Amurka ta raba farar fata da baƙar fata cikin kowane sha'ani. Makarantarsu dabam, asibitinsu dabam, mazauninsu cikin mota dabam, har famfon shan ruwa ma kowa da nasa.

Uban bai hana 'ya'yansa karatu ba, amma in an tashi daga makaranta, da kuma ranar Asabar, sai su bi shi wurin aiki. Nan Vivien ya koyi awo da yanka da haɗa katako biyu har su zama kamar ɗaya. Ya gama sakandaren Pearl a 1929, ya sami aikin kafinta a Jami'ar Fisk. An ce wata rana ya gyara daɓen katako na wani ɗaki, shugaban aiki ya zo ya duba, ya ga aikin bai yi ba, ya sa shi ya ɓalle ya sake. Ya sake, bai yi musu ba, kuma daga ran nan ya ƙudura a ransa ba za a ƙara maimaita masa gyara sau biyu ba.

Burinsa shi ne ya tara kuɗi ya shiga kwaleji, daga nan ya wuce ya karanta aikin likita. Ana cikin haka sai tattalin arzikin Amurka ya karye a ƙarshen 1929, aikin gini ya tsaya cik, aka sallame shi. Cikin watan Fabrairu na 1930 wani abokinsa ya yi masa hanya a Jami'ar Vanderbilt, inda wani matashin likitan fiɗa, Dokta Alfred Blalock, yake neman mai taimaka masa a ɗakin gwaje-gwaje. Albashin dala 12 ne a mako. Thomas ya karɓa da niyyar ya ɗan yi kafin kuɗin makaranta su cika. Kafin shekarar ta ƙare sai bankin da yake ajiya ya rushe, kuɗin da ya yi shekaru yana tarawa suka salwanta. Ƙofar makaranta ta rufe ke nan.

SHI DA DOKTA BLALOCK

Dokta Blalock Bature ne mutumin Jihar Jojiya, mai kaifin hankali, amma mai saurin fushi. Ba a daɗe da fara aiki ba Thomas ya yi wani kuskure, Blalock ya rufe shi da zagi. Thomas bai ɗaga murya ba, ya je ya canja tufafinsa, ya shiga ofis ya nemi a biya shi haƙƙinsa ya tafi, don ba a rene shi da irin wannan magana ba. Blalock ya ba shi haƙuri, ya yi alkawarin ba zai sake ba, kuma ya cika alkawarin har iyakar zamansu, shekara 34.

Abin da suke bincike a lokacin shi ne irin suman nan da ke kama mutum bayan mummunan rauni, wanda yakan kashe ko da raunin kansa bai isa kisa ba. Likitoci da yawa sun ɗauka wata guba ce jiki ke fitarwa. Blalock da Thomas suka yi ta gwaji a kan karnuka, har suka tabbatar cewa jini da ruwan jiki ne ke tsiyayewa daga jijiyoyi, maganinsa kuwa a mayar wa mutum jini ko ruwan jini da gaggawa. Wannan sani ya ceci sojoji masu ɗimbin yawa a Yaƙin Duniya na Biyu.

Cikin 'yan shekaru Thomas ya ƙware ƙwarai. Blalock yakan faɗi abin da yake so a gwada, sa'an nan ya tafi wurin marasa lafiya, Thomas shi ke sa wa dabbar maganin barci, ya yi fiɗar, ya ɗinke, ya rubuta sakamako. In babu kayan aikin da ya dace sai ya ƙera abinsa. Aikin da yake yi na babban masani ne, amma a takardar jami'a sunansa yana cikin jerin masu shara, albashinsa ma nasu ne. Ya auri Clara Flanders a 1933, suka haifi 'ya'ya mata biyu. Wani babban asibiti a birnin Ditiroyit ya nemi Blalock ya zo ya shugabanci sashen fiɗa, amma da suka ce ba za su ɗauki baƙar fata ba, sai ya ƙi zuwa.

Akwai wani gwaji da suka yi a Nashbil wanda suka ɗauka ya faɗi. Sun yanke jijiyar da ke kai jini hannu, suka karkato ta suka ɗinke ta da jijiyar da ke kai jini huhu, don su ga ko ƙarfin jini zai hau a huhun kare. Bai hau ba. Suka rubuta, suka ajiye. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa, don za mu komo kansa.

BAƘUNCI A BALTIMO

A 1941 aka naɗa Blalock shugaban likitocin fiɗa a asibitin Johns Hopkins da ke birnin Baltimo, ya nemi Thomas ya bi shi. Thomas ya kwashi iyalinsa ya bar gida da dangi da abokan arziki. Duk wanda ya taɓa sauka wani gari da mata da yara alhali bai san kowa ba, ya san abin da ya tarar. Gidan haya a unguwar baƙar fata ga tsada ga lalacewa, abinci ya fi na gida kuɗi, albashi kuwa bai kai ba. A asibitin, baƙar fata ba su wuce shara da wanki da dafa abinci ba, saboda haka ran da ya fara ratsa farfajiya sanye da farar rigar ɗakin gwaji, mutane suka tsaya suna kallonsa. Don ya cike giɓin albashi yakan yi aikin raba abin sha a wuraren liyafa da dare, har da liyafar gidan Blalock, inda yakan miƙa kofi ga likitocin da ya koya wa aiki da safe.

CIWON DA YA GAGARI LIKITOCI

Kafin mu ci gaba ya kamata mu ɗan bayyana yadda zuciya take aiki. Zuciya famfo ce ta tsoka, mai ɗaki huɗu, biyu a dama, biyu a hagu, da bango a tsakaninsu. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da jiki ya gama amfani da shi, ya tura shi huhu ya ɗebo iskar oksijin. Ɓangaren hagu yana karɓar jinin da ya komo daga huhu jawur, ya watsa shi ko'ina cikin jiki. Kusan jariri ɗaya cikin kowane 100 ana haifarsa da wata tawaya a wannan gini. Waɗansu ƙanana ne, sukan gyaru da kansu, waɗansu kuwa sukan kashe tun cikin tsumman goyo.

Akwai wani iri da wani likitan Faransa mai suna Fallot ya bayyana a 1888, inda aibu huɗu ke haɗuwa a zuciya ɗaya. Hanyar zuwa huhu ta ƙuntace, akwai rami a bangon da ya raba ɗakunan ƙasa, babbar jijiyar jiki ta zauna bisa ramin, tsokar ɗakin dama kuma ta yi kauri don wahalar turawa. Sai jini ya riƙa zagayawa jiki bai sha iska sosai ba, leɓen yaro da harshensa da faratansa su yi shuɗi. Turawa suka sa musu suna shuɗɗan jarirai. Wanda ya rayu har ya fara tafiya, taku kaɗan zai yi ya tsuguna yana haki. Kaɗan ne ke kai girma.

A asibitin Johns Hopkins akwai wata likitar yara, Dokta Helen Taussig, wadda kunnenta ya yi nauyi har ta koyi jin bugun zuciyar yara da yatsunta. Ita ce ta lura da wani abu. Kowane ɗan tayi yana da wata 'yar jijiya da ta haɗa babbar jijiyar jiki da ta huhu, wadda takan toshe da kanta bayan haihuwa. Taussig ta ga shuɗɗan jariran da wannan jijiya tasu ta yi jinkirin toshewa sun fi samun sauƙi, da zarar ta toshe kuwa sai ciwo ya tsananta. Sai ta ce a ranta, ashe in za a ƙera musu wata hanya irinta, za su rayu. A 1943 ta kawo wa Blalock wannan shawara, Thomas yana wurin yana saurare.

ABIN DA YA HANA A TAƁA ZUCIYA

Mai karatu zai ce, don me ba za a buɗe zuciyar ba a toshe ramin, a faɗaɗa hanyar, a huta? Dalili shi ne a zamanin nan ba wanda ya san yadda za a kare tsokar zuciya. Zuciya ba ta hutu. Ta babban mutum tana bugawa wajen sau 100,000 a yini da kwana, ta jariri kuwa sau 120 zuwa 160 a minti ɗaya. Tsokar da ke wannan aiki tana da 'yan jijiyoyinta da ke ciyar da ita, kuma in aka tsare musu jini, cikin mintoci kaɗan sai ta fara galabaita, in an daɗe ta mutu. Ƙwaƙwalwa ma ta fi ta rashin haƙuri, minti 4 ko 5 ba jini ya isa ya lalata ta. Likita ba zai iya ɗinki cikin abin da ke motsi cike da jini ba, in kuma ya tsayar da ita, ba shi da tabbacin za ta sake tashi.

Saboda haka dabarar da ta rage ita ce a bar zuciyar tana aikinta, a yi gyaran a gefenta. Nan Blalock da Thomas suka tuna da gwajinsu na Nashbil da suka ɗauka ya faɗi. Karkato jijiyar hannu zuwa huhu bai cuci kare ba, ga shi kuwa yana ƙara wa huhu jini, abin da yaran nan ke bukata ke nan.

Aikin ya faɗo kan Thomas. Da farko sai da ya nemi hanyar da zai sa kare mai lafiya ya zama kamar shuɗin jariri, ta cire wani sashe na huhu da haɗa jijiyoyi yadda jini zai wuce bai sha iska ba. Sa'an nan ya gwada ko sabuwar hanyar za ta warkar da shi. Ya yi kusan shekara biyu yana wannan, a kan karnuka wajen 200. Jijiyar jariri siririya ce ƙwarai, allurar da ake da ita ta yi mata girma, sai ya yanke allurai ya wasa su, ya nemo zaren siliki mai laushi, ya kuma gyara 'yan awartakan da za su matse jijiya ba tare da sun ƙuje ta ba. Ya fito da irin ɗinkin da zai bar cikin jijiya sumul, don kada jini ya sami wurin daskarewa. Wata karya mai suna Anna ita ce ta fara daɗewa da rai bayan aikin, har aka zana hotonta aka rataye a asibitin.

RAN 29 GA NUWAMBA, 1944

Yarinyar da aka fara yi wa aikin sunanta Eileen Saxon, watanta 15 da haihuwa, nauyinta bai wuce kilo 4 ba, numfashi ma da ƙyar take yi. Blalock bai taɓa yin aikin shi kaɗai ba ko a kan kare, sau ɗaya ya tsaya yana taimakon Thomas. Da aka shirya kome sai ya aika a kira Thomas. Aka kawo ɗan benci aka ajiye bayan kafaɗar Blalock ta dama, Thomas ya hau ya tsaya yana leƙen cikin ƙirjin yarinyar. Blalock yana tambaya yana amsawa, ko tsawon jijiyar ya isa, ko ɗinkin ya yi kusa da juna, in allura ta nufi inda bai kamata ba ya yi magana. Cikin matasan likitocin da ke taimako ran nan akwai William Longmire da Denton Cooley.

Da aka saki awartaki jini ya bi sabuwar hanya. Yarinyar ta farfaɗo, launinta ya gyaru a hankali, har aka sallame ta. Bayan 'yan watanni ciwon ya komo, aka sake yi mata aiki, ba ta tashi ba. Amma yarinya ta biyu mai shekara 11 ta warke ta koma gida, na uku kuwa, yaro ɗan shekara 6, tun yana kan tebur leɓensa ya juya daga shuɗi zuwa ja, kowa yana gani. Cikin watan Mayu na 1945 aka buga labarin a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka da sunan Blalock da Taussig. Ba a ambaci Thomas ba ko sau ɗaya, hotunan da 'yan jarida suka ɗauka ma ba ya ciki.

Labari ya bazu, iyaye suka yi ta zuwa Baltimo daga garuruwa masu nisa da ƙasashen waje, ɗauke da 'ya'yansu. Cikin shekara ɗaya aka yi wa yara fiye da 200 wannan aiki. Thomas yakan fara da ɗibar jinin yaran da safe, ya tsaya bayan Blalock a ɗakin fiɗa, da yamma ya koma wurin karnukansa.

A 1946 ya fito da wata dabara ta biyu, wadda ta fi shafar sababbin haihuwa. Akwai jariran da ake haifa manyan jijiyoyinsu biyu sun yi musanyar wuri, jinin huhu yana komawa huhu, na jiki yana komawa jiki, ba sa gauraya, galibinsu kuwa ba sa cika shekara. Thomas ya gano yadda za a huda bangon da ke tsakanin ɗakunan sama don jinin ya gauraya, alhali zuciya tana ci gaba da bugawa. Da Blalock ya duba zuciyar karen da aka yi wa aikin, da ƙyar ya gane wurin ɗinki. Wannan ma da sunan Blalock da wani likita Hanlon ya shiga littattafai.

MALAMIN LIKITOCI

A shekarar nan ta 1946 aka gyara masa albashi, ya zama ya fi duk ma'aikatan ɗakin gwaji na asibitin samu. A 1947 ya sake neman komawa karatu, amma da ya lissafa ya ga sai ya kai shekara 50 kafin ya zama likita, ga iyali, sai ya haƙura. Ya mai da hankali ga koyarwa. Matasan likitocin fiɗa na Johns Hopkins a hannunsa suke koyon ɗinkin jijiya, da yawansu kuma suka zama shugabannin sassan fiɗa a manyan jami'o'in Amurka. Ya kuma horar da samari baƙar fata da dama aikin ɗakin gwaji. Duk da haka, da aka yi wa Blalock bikin cika shekara 60 a wani otal na Baltimo, ba a gayyace shi ba.

Blalock ya rasu a 1964. Thomas ya ci gaba da shugabancin ɗakin gwaje-gwajen fiɗa. Tsofaffin almajiransa suka haɗa kuɗi aka zana hotonsa, aka miƙa a 1971, aka rataye shi kusa da na Blalock. A 1976 jami'ar ta ba shi digirin girmamawa na dokta, ta kuma sa sunansa cikin malamanta, bayan ya shekara fiye da 30 yana koyarwa ba muƙami. Ya yi ritaya a 1979, ya zauna ya rubuta tarihin rayuwarsa. Ciwon daji ya kama shi, ya rasu ran 26 ga Nuwamba, 1985, yana da shekara 75, kwanaki kaɗan kafin littafin ya fito. A 2004 aka yi fim a kan rayuwarsa, yanzu kuma likitoci da yawa suna kiran aikin nan da sunan mutum uku, Blalock da Thomas da Taussig.

YADDA AKA KOYI KARE TSOKAR ZUCIYA

Aikin 1944 sauƙi ya kawo, bai toshe rami ba. Amma shi ya cire wa likitoci tsoro, suka fara neman hanyar shiga cikin zuciyar kanta. A 1950 Dokta Bigelow na Kanada ya nuna cewa in an sanyaya jiki, bukatarsa ta iska tana raguwa. A 1952 Dokta Lewis na Minisota ya sanyaya wata yarinya 'yar shekara 5, ya tsare jini, ya toshe ramin zuciyarta cikin minti biyar da 'yan kai. A 1953 Dokta Gibbon ya yi nasara da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu, wanda ke ciyar da ƙwaƙwalwa da sauran jiki yayin da ake aiki.

Sauran ita zuciyar. A 1955 Dokta Melrose na Landan ya tsayar da ita da gishirin fotasiyam, sinadarin da ake samu cikin toka da ayaba, amma ya zuba da yawa, tsokar ta riƙa lalacewa, aka daina. Waɗansu likitoci suka koma matse babbar jijiya kawai su yi sauri. Denton Cooley, wanda ya tsaya kusa da Thomas a 1944, shi ya bayyana a 1972 abin da kan faru wani lokaci, watau zuciya ta ƙanƙance ta taurare kamar dutse, ta ƙi tashi. Cikin shekarun 1970, a Amurka da asibitin St Thomas na Landan, aka komo kan fotasiyam amma daidai gwargwado, cikin ruwa mai sanyi ƙwarai. Zuciyar da aka tsayar a sake, aka kuma sanyaya, bukatarta ta iska takan ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. A ƙasar Niyuzilan kuma Dokta Barratt-Boyes ya riƙa sanyaya jarirai daga digiri 37 zuwa wajen 20, yana yi musu cikakken gyara tun suna ƙanana.

Daga baya aka gane cewa zuciyar sabon haihuwa tana da halinta dabam. Girmanta bai wuce dunƙulen hannun jaririn ba. Sukari ta fi ci, ta babba kuwa kitse. Rumbun sinadarin kalsiyam da ke cikin tsokarta bai gama ginuwa ba, daga jini take ɗiba, saboda haka in jini ya komo mata bayan an gama aiki, kalsiyam yakan kwararo ya yi mata yawa ya ji mata. Tana da saurin kumbura, wadda kuma ta saba da ƙarancin iska takan wahala in an ba ta iska mai yawa farat ɗaya. Cikin shekarun 1990 Dokta Pedro del Nido da abokan aikinsa a Jami'ar Fitsbag suka haɗa ruwa na musamman don jarirai, kashi huɗu ruwan magani, kashi ɗaya jinin injin, da fotasiyam, da magnisiyam mai tare kalsiyam, da maganin kashe zafi mai kwantar da motsin tsoka, da mai hana kumburi. Zubi ɗaya yakan kare zuciya har wajen minti 90. Da irin waɗannan dabaru ake mayar da jijiyoyin da suka yi musanya kowace mazauninta tun jariri bai cika mako biyu ba. Hanyar nan ta 1944 kuwa ba a yar da ita ba, ana yin ta da ɗan bututu na roba ga jaririn da bai isa babban aiki ba tukuna.

A NAN GIDA

A Nijeriya an fara buɗe zuciya da injin ran 1 ga Fabrairu, 1974, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Inugu, inda Farfesa Fabian Udekwu ya yi aiki tare da Magdi Yakub, likitan nan ɗan asalin Masar da ya zo daga Ingila. Ɗan ƙwallon nan Nwankwo Kanu, wanda aka yi wa aikin zuciya a Amurka a 1996, ya kafa gidauniya a shekarar 2000 don taimakon yara masu wannan ciwo. Aikin yana da tsada, masu yinsa kuma ba su da yawa, amma babbar asarar da muke yi ita ce ta rashin gane ciwon da wuri.

Don haka muna jan hankalin 'yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da sauran zangunan kudu, da waɗanda suka baro iyali a gida. A fatarmu shuɗin nan ba ya fita sosai, sai a duba harshe da dasashi da cikin leɓe. In jariri yana numfashi da sauri, ko yana gumi da gajiya wurin shan nono, ko ya ƙi yin ƙiba, ko yaro yana yawan tsugunawa in ya yi 'yar tafiya, kada a tsaya ana cewa iska ce ko sammu. A kai shi babban asibiti inda akwai likitocin yara, kamar asibitin koyarwa na Legas da ke nan Idi-Araba, ko na Ibadan, ko na Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jabi a Abuja ga waɗanda iyalinsu ke can. Akwai 'yar na'ura da ake maƙala wa jariri a hannu ko ƙafa ta nuna yawan iskar da ke jininsa cikin minti ɗaya, akwai kuma hoton zuciya da ake ɗauka ba tare da yanka ba. Tsokar zuciyar da ta daɗe tana wahala ba ta jure fiɗa kamar wadda aka kai da wuri, saboda haka kariyar farko a hannun iyaye take.

Vivien Thomas bai sami karatun da ya so ba, an kuma daɗe ana cin moriyar aikinsa ba a faɗin sunansa. Bai yarda a wulakanta shi ba, bai kuma bar ɓacin rai ya ɓata masa ɗinki ba. Masu sana'ar hannu da ke neman abinci a garin wasu suna da abin koyi a wurinsa. Sai mun haɗu a mako mai zuwa da tarihin wani.